Rasuwar Kyamarata, da Kaka a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, alhali Kawu Lawali da Gwaggo Delu suna tsakar gida suna jayayyar wanda ya kashe ta, ni Mode Jibrin na Ƙofar Dundaye nake sanar da rasuwar kyamarata. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara ɗaya da wata bakwai a wuyana.

"Kai ka ɗura mata man keken ɗinki!" in ji Gwaggo.

"Hannunta ya ƙage, mi zan yi? Ke hwa da kika aje ta bisa randa wata guda?"

"Zahi nika guje mata, sarkin gyara!"

Kowannensu ya faɗi gaskiya.

Marigayiyar baƙa ce, mai nauyi, haifaffiyar Japan. Yayana Ƙasimu ya saya mini ita a shekarar ƙarin albashin Udoji, na gama sakandare ina zaune. Mai shago a Sabon Gari ya jera mana uku. Ya ce ƙaramar ita ce ta ɗan koyo, dannawa kawai. Na ƙi. Na zaɓi mai madubi a ciki, wadda abin da idonka ya gani shi fim zai gani. Na zaci da wannan na gama da kuskure.

Ba ta da surutu. Maganarta biyu ce: ƙyas, sannan kirrr in an juya fim. Ba ta taɓa ƙara wa mummuna kyau ba. Wani soja ya taɓa fizge ta a shingen hanya, ya leƙa ta ta gaba, bai ga komai ba, ya miƙo. Ba ta tanka ba. Na sare kan ango a hoto, na ɗauki ɗan yatsana sau tara, ba ta taɓa ƙorafi ba.

Ta bar jakar fata, da igiyar wuya, da murfin ido, da fitila wadda yanzu ba ta da wanda za ta haska wa.

Ta kuma bar fim a cikinta.

Kakata Iyatu ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ta ce ita ba tambarin kuɗi ba ce. Ran nan tana sheƙar gero, ta dube ni, ta gyara kallabi, ta ce, "Miji na banza, ɗauka sau guda, kada ka nuna ma kowa." Ƙyas. Hoto na goma sha bakwai. Kaka ta rasu da damina.

Fim talatin da shida yake ci. Na ce sai ya cika zan kai wanki, kada a yi asarar saura. A na ashirin da uku hannun juya fim ya tsaya. Laifin wannan jinkiri ba na randa ba ne, ba na man keke ba.

Jiya na kai ta wurin mai wankin hoto. Ya sansana, ya girgiza ta a kunne, ya ce mai da laima sun manne fim ɗin. Zai iya buɗewa a ɗakin duhu. Ko Kaka ta fito, ko ta yage. Bai yi mini alkawari ba. Na karɓo, na dawo a ƙasa.

Muddin tana rufe, Kaka tana ciki da kallabinta.

Za a naɗe marigayiyar a farin ƙyalle gobe bayan la'asar, a sa ta a ƙasan akwatin Kaka. Ana karɓar gaisuwa a zauren gidanmu. Kawu Lawali ya zo hannu sake, kada ya riƙo mai. Kada wanda ya nemi ganin gawa, haske ba ya yi mata.

Abu ɗaya ya rage. Ba a binne gawa sai an yi wanka. To wannan, in kai a wanke, ko in bar Kaka inda take?