Kwamfutata Mai Zuwa Azahar

Ƙarfe ɗaya da rabi na rana kwamfutar da na ajiye a shagon Kawuna a Fagge ta fara yankewa daga bulokcen, wato rumbun hada-hadar kuɗin kirifto a intanet, kuma kullum haka take yi. Auna saurinta ne aikin kammala digirina. Ni da ko ido ba na iya ɗagawa a aji, na tsaya gaban malamai na ce na gano wani cunkoso a bulokcen da duniya ba ta lura da shi ba. Aka tafa, aka ba ni maki.

Har yau Farfesa ake kirana a layin shagon, domin da nake baje wa Kawu labari, cewa ya yi, "Farfesa, ai lokacin nake kashe janareta in tafi masallaci."