Nutson da Na Yi a Birkar Arfa

Ba zan taɓa mantawa da ruwan nan na Arfa ba, har yau in na tuna shi sai haƙorana su kama kaɗawa. A shekarun sittin ne, ina zaune a unguwar Jarwal ta Makka, ba aiki, ba takardar zama. Bakina kaɗai ke aiki: duk wanda muka zauna da shi sai ya ji cewa ni ɗan masunta ne, a cikin kogi aka yaye ni. (Gaskiya dai kifi nake soyawa a bakin kogin.)

Gab da aikin Hajji, wani tsohon buhu ya toshe bututun wata birka, irin ginannen tafkin da ake tara wa alhazai ruwan marmaro. Ɗan kwangila ya aro kayan nutso daga Jidda, yana neman mai shiga. Kawu Sale, wanda nake kwana a zaurensa, ya tsaya mini. Aka ce in na ciro buhun, na samu aikin shekara.

Da ranar ta zo, aka kai ni bakin birkar. Aka goya mini tukunyar iska, aka cusa mini roba a baki, aka manna mini gilashi a ido. Tsoro bai bar ni ko leƙa birkar ba. Amma ina da dabara. A kogin garinmu, in mutum ya nutse taki ɗaya, ko uwarsa ba ta ganinsa saboda laka. Sai na ƙudura zan sauka kaɗan, in maƙale a tsani, in jima, in fito in ce buhu ya ƙi ciruwa.

Sanyin ya ratsa ni har ɓargo. Na rungume tsani, na runtse ido, ina karanto duk addu'ar da na sani, har da ta cin abinci. Da na ji na daɗe, na fito ina haki, ina bayanin kokawar da muka sha da buhu.

Kawu Sale ya dafa kafaɗata ya juya ni. "Ɗana, leƙa ka gani."

Na leƙa. Ruwa garau har ƙasa, ana iya karanta rubutun jikin buhun. Ashe tun shigata suna tsaye suna kallona, tsakanin kaina da saman ruwa bai fi kamu ɗaya ba.

"Halas, ya shehu, cire kayan mutane," in ji ɗan kwangila da Larabcinsa, wato dai magana ta ƙare.

Aiki ya wuce ni, Kawu kuma bai ƙara tsaya wa kowa ba. Tun daga ranar, kafin in yi ƙarya a kan ruwa, sai na fara leƙawa na ga ko irin na garinmu ne.