Ranar da Aka Koya wa Mai Girma Riƙon Sanda a Jikina

Jama'a, kada wanda ya tambaye ni abin da ya sami ƙuguna. Shekaranjiya na fita gida lafiyata lau, na dawo ina dafa bango kamar tsohuwar da ta yini a kan dutsen niƙa. Matata Luba ta dube ni daga bakin murhu ta ce, "Malam, ka ce mini kuka za ka kai, ashe kokawa ka je?" Na ce mata ba kokawa ba ce, ilimi ne. Wasan golf aka koya wa Mai Girma, amma a jikina.

Bari in faro muku daga tushe. Ƙauyenmu yana kan hanyar Doguwa zuwa Riruwai, kuma Allah ya albarkace mu da wani babban mutum wanda ba zan faɗi sunansa ba, don ina son in ci gaba da kwana a ɗakina. Mu dai Mai Girma muke ce masa. Mutum ne mai alheri ƙwarai, irin alherin inuwar giginya, na nesa ka sha. Kwanaki ya kai ziyara wurin Turawan kuza a Riruwai, ya tarar suna bin wata 'yar farar ƙwallo kamar ƙwan zabuwa suna bugu da sanda mai kan ƙarfe. Ya dawo ya ce tunda ana ta zancen mulki zai dawo hannun 'yan ƙasa, wajibi ne manya su fara koyon aikin manya tun yanzu.

Sai aka yi shelar gayya. Muka fito da fartanya da gatari muna murna, don mun zaci gadar nan ce ta rafi da ake yi mana alkawari tun ina da baƙin gemu. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa, amma mu da yake ba mu kai kare wayo ba, har da kalangu muka zo. Aka wuce da mu rafin, aka tsayar da mu a burtali, hanyar da shanu ke bi su sha ruwa tun zamanin kakanni. Muka share, muka baje, aka shinge shi da ƙaya. Aka haƙa ɗan ramin da ko ɓera zai raina, aka zuba yashi kewaye da shi, aka kwarara wa yashin baƙin mai gwangwani bayan gwangwani, wai don ƙwallo ta ji daɗin gangarawa. A makon nan kuwa na yi layin kananzir a kanti tun hantsi har azahar, da na iso gaba aka ce ya ƙare. Yashi ya sha mai ya ƙoshi, fitilar Luba tana kwana da ƙishi.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni barci shi ne gonata, wadda ke jingine da burtalin. Dawa ce ta yi kyau bana irin kyan da ban taɓa gani ba, ta fid da kai, tana jiran 'yan kwanaki ta bushe. Ita ce tuwon gidana har wata damina. Da aka toshe burtali, babu sauran gajerar hanyar da shanu za su bi zuwa rafi sai ta tsakiyarta.

Maƙwabcina Buba, Bafillace, tun muna samari muke musayar nono da hatsi. Ya zo ya tsuguna a ƙofar gidana ya ce, "Kaɗo, ina zagayawa da su ta bayan dutse saboda kai. Amma sun fara ramewa, kuma suna jin ƙanshin ruwa ta cikin gonarka. Ranar da suka fi ƙarfin sandata, kada ka ce Buba ne."

Na ce, "Ka ƙara mini haƙuri. Ni da kaina zan je in gaya wa Mai Girma."

Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗin?"

Ni ɗin kuwa. Na sa rigar sallata na tafi. Na tarar da Mai Girma tsaye a tsakar fili cikin babbar riga mai aska, an naɗe masa hannuwanta a kafaɗa, 'yan rakiya sun yi masa zobe. Malamin wasan wani ne Shitu, wanda ya taɓa ɗaukar wa Turawa jakar sanduna a Riruwai. Na ga gumi yana tsiyaya daga haɓarsa, ban gane dalili ba sai daga baya. Ashe Mai Girma ya riƙe sandar nan kamar mace za ta yi daka, kuma kun san al'adarmu: ba a ce wa babba ya yi kuskure, ba a kuma kama hannunsa a gyara masa. To, yaya za a yi a koyar da wanda ba ya kuskure?

Shitu na ɗaga ido ya gan ni, sai fuskarsa ta washe kamar ya ga watan salla. Ya miƙo mini wata sanda ya ce, "Malam Ɗanasabe, zo ka tsaya nan gaban Mai Girma." Na ce a raina, Alhamdu lillahi, faɗuwa ta zo daidai da zama, ga ni ga shi. Na buɗe baki zan gaisar, sai Shitu ya daka mini tsawa.

"Haka ake riƙo? Taɓarya aka ba ka? Hannun hagu a sama, babban yatsa ya kwanta a bayan sanda, na dama ya zo ya rufe shi! Sassauta, ba wuyan ɓarawo ka kama ba!"

Ni kuwa ko riƙon ban gama ba. Na saci kallo, sai na ga Mai Girma yana sassauta nasa yatsun a hankali, yana duban sama kamar ba da shi ake ba. Nan na gane matsayina. Ni ne allon da za a yi rubutu a kai, shi ya sha.

Can Mai Girma ya yi gyaran murya ya ce, "Shitu, wannan mutumin hagunsa za ta hau kan damarsa? Wace irin tarbiyya ce wannan?"

Shitu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, haka Turawa suke yi, ba su san hagu da dama ba."

Mai Girma ya yi nazari irin wanda da gadarmu ta samu rabinsa da tuni motoci na bi ta kanta, sannan ya ce a bar hagu ta hau, amma na wucin gadi. 'Yan rakiya suka ce, "Adalci ke nan!"

Daga riƙo aka koma tsayuwa. Shitu ya zagayo bayana yana harbin diddigena. "Buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa! Na ce kafaɗa, ba ƙofar zaure ba! Rusuna gwiwa! Turo baya! Sunkuyar da kai, ido a kan ƙwallo!" Ina yi, Mai Girma yana yi. Jama'a, ranar na ga abin da ban zaci zan gani ba kafin in mutu: Mai Girma ya rusuna, ya sunkuyar da kai, kuma ni ne a gabansa. Wallahi sai da na ji daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa.

Daɗin bai daɗe ba. Babba ba ya rusunawa na ƙasa da shi suna tsaye, don haka duk filin aka zube, har mai tallan gyaɗa da ke wucewa. Saura ni kaɗai, ga ni dogo. Wani ƙato cikin 'yan rakiya ya zaro mini ido ya ce, "Kai, ka fi Mai Girma tsawo! Rage!" Na rage. Shitu ya ce da ni, wato da Mai Girma, in ƙara lanƙwasa gwiwa. Mai Girma ya ƙara, dole na ƙara ninkin nasa. Haka muka yi ta sauka kamar guga a rijiya, har na koma ba a tsaye ba, ba a tsugune ba, sanda a hannu, baya a turo, ƙugu yana kiran sunan Allah.

A nan na ce bari in yi abin da ya kawo ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, batun burtali ne, shanu..."

Shitu ya ce, "Shiru! Ba a magana in an tsaya."

Na jira aka miƙe, na sake ɗaukowa. Ƙaton nan ya ce ba a magana in ana hutawa. Na tambaye shi a hankali yaushe ake magana, ya ce in an gama. Aka sake duba riƙo, aka sake duba ƙafa, aka ɗora sanda a ƙasa a ga ko yatsun ƙafa sun fuskanci rami, aka tarar sun fuskanci Tudun Wada, aka zage ni a kan haka. Rana ta karkata ba a taɓa ƙwallo ba.

Da la'asar Mai Girma ya ce ya ƙware. Bugun farko ya wuce ta saman ƙwallo, iska kawai ya sara, hularsa ta faɗi. 'Yan rakiya suka ce gwaji ne. Na biyu ya tono ƙasa cikin tafi guda ya watsa mini a fuska, suka ce, "Ƙasa ta shaida!" Na uku kuwa ya samu. Ƙwallo ta tashi da ƙara, ta yi kamar za ta nufi rami, sai ta sake shawara ta lanƙwasa dama, ta tsallake shingen ƙaya, ta faɗa tsakiyar dawata.

Ashe ita kaɗai ce ƙwallon, kuma wai daga Ingila ta zo a jirgin ruwa. Kafin in miƙe ƙuguna, duk wanda ke filin ya auka gonar, kowa yana son ya zama shi ya tsinto. Ina ji karan dawa yana karyewa, ƙas, ƙas, kamar a haƙarƙarina. Da aka rasa, sai aka ce a kawo adduna a sassabe inda ake zato.

Na manta da ladabi, na manta da tsawo, na tsaya ƙiƙam na ce, "Ranka ya daɗe, gonata ce! Abincin 'ya'yana ne!"

Sai a lokacin Mai Girma ya dube ni da kyau, karo na farko tun safe. Ya yi murmushi ya ce, "Taka ce? Madalla. Ashe kai ka fi kowa sanin wurin. Shige gaba ka nuna musu."

Na shige gaba, jama'a. Garin neman gira na rasa ido. Ba zan ɓoye muku ba, na yi hawaye a cikin dawar nan, inda dogayen kara suka rufa mini asiri. An tsinci ƙwallo dab da magariba a gindin wata kuka, can gefen da ba a ko taɓa ba, bayan an kwantar da fiye da rabin gonar. Aka kai wa Mai Girma ita a tafin hannu biyu, aka yi masa barka da bugu mai nisa. Shitu ya raɗa mini cewa riƙona ya fara kyau, kada in yi sakaci da shi.

Jiya ni da Luba da yara muka yini muna tsince zangarniyar da za ta tsintu. Muna cikin haka Buba ya ɓullo ta bakin gona, ya tsaya ya jima yana kallo, ya kama baki.

Ya ce, "Kaɗo, wallahi ba nawa ba ne."

Na ce, "Na sani. Naka suna da kunya. Je ka koro su su bi ta nan su sha ruwa, hanya ta samu."

Ya koro su, suka ratsa a natse suna kalar abin da manya suka bari, Buba yana ta yi mini godiya da Fillanci kamar ni na yi aikin. Na tsaya ina kallonsu ina dafe da ƙugu, har na ji zuciyata ta ɗan yi sanyi. Ku kuma masu karatu, in ana rabon masu shiga gona aka ba ku zaɓi, ku zaɓi masu ƙafa huɗu. Su dai in sun ci, sukan bar wa mutum taki.