Rasuwar Galuh, Kyamarar da Aka Dafa da Shinkafar Biki

Cikin baƙin cikin da ya cika zuciya har ya rasa inda zai zauna, ni Darmansyah ɗan marigayi Asmuni, wanda aka fi sani da Idar Mai Hoto, ina sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa yin aure ko suna ko kaciya a bakin kogin nan namu cikin shekara goma sha biyun da suka wuce, rasuwar abokiyar zamana, kyamarata, wadda nake kira Galuh. Ta rasu ranar Lahadi da hantsi a gidan bikin Norhasanah 'yar Julak Jumberi, yayan mahaifiyata kuma mai unguwarmu, bayan jinyar kwana ɗaya a cikin buhun shinkafa.

Marigayiyar ta zo hannuna ne daga wani ma'aikacin jirgin ruwa a tashar Banjarmasin. Ba yarinya ba ce ko a lokacin, tana da tabo a gefen dama, kuma murfin idonta ya riga ya ɓata a wata ƙasa da ban sani ba. Ina da shekara ashirin da huɗu, na kalli finafinan haya har Mama ta fara cewa idona zai ruɓe. Na kawo Galuh gida saboda abu ɗaya tak: in yi fim a kan Nini Aluh, tsohuwar da take tuƙa kwalekwalen lemo zuwa kasuwa kowace safiya, tana tafe tana faɗa da mijinta da ya rasu tun ban san kaina ba. Ba kiɗa, ba mota mai gudu, ba mai faɗuwa ƙasa yana kuka. Tsohuwa ce kawai da kogi da abin da ke tsakaninta da mamaci. Har yau ban ga abin da ya fi wannan cancantar a zauna a kalla ba, duk wanda ya ce zai yi barci ya je ya yi a gidansu.

Duk wanda ya zauna da marigayiyar zai shaide ta da haƙuri. In aka tashe ta sai ta ce "tin-tin" a hankali, ba ta taɓa ɗaga murya ba. In aka ba ta kaset sai ta ce "ƙirrr," ta yi shiru kamar tana tunani, sannan ta ce "kaf." Tana son hasken safe a kan ruwa, ba ta son fitilar rumfar biki mai canza launi, amma ba ta taɓa ƙin aiki saboda ita ba. A shekarunta na ƙarshe funfuna ta kama gefen idonta na hagu saboda laimar garinmu, har duk wanda ya tsaya a wannan gefen yakan fito da taushin fuska. Surukai da yawa sun ci albarkacin wannan lalura ba su sani ba.

Sati ɗaya kacal muka yi ni da ita muna abin da ya haɗa mu. Rana ta takwas Acil Masriah, ƙanwar Mama, ta hango mu daga tagarta.

"Kai Idar, ashe Allah ya kawo mana! Asabar bikin ɗiyata, ka zo da 'yar taka."

"Acil, ai wannan ta fim ce."

"To ɗiyata ba fim ba ce? Ka ga rigar da za ta sa kuwa?"

Na ce sau ɗaya ne. Masu karanta wannan sanarwa sun san gadar katakon da ta haɗa gidajenmu a kan ruwa, sun kuma san ƙofa goma sha ɗaya nake wucewa kafin in kai tamu. Mutumin da katakonsa kake takawa safe da yamma ba a ce masa a'a. Daga bikin ɗiyar Acil sai sunan jikan maƙwabcinta, daga nan sai rakiyar alhazai, sai kaciya, sai auren wanda na ɗauki kaciyar ƙanensa. Kullum nakan dawo gida da ƙunshin shinkafa da kifi da kayan zaƙi, kullum Mama tana cewa ɗanta ya zama na mutane.

Marigayiya ta san ra'ayina, don ita kaɗai nake faɗa wa. A wurina fim yana farawa ne daidai lokacin da mutum ya manta ana ɗaukarsa. A gidan biki kuwa ba mai mantawa. Kowa ya hango jan ɗigon nan na kyamara sai ya gyara hula, ya shanye tumbi, ya ɗaga yatsu biyu. Sau ɗaya na tsaya minti biyar a kan hannun wata tsohuwa tana ɓare albasa a bayan rumfa, hannun da ya fi duk abin da na gani a ranar kyau, sai na ji Julak Jumberi a ƙeyata.

"Idar, lafiyarka? Amarya tana can, kai kana nan kana ɗaukar albasa? Juya ka ɗauki tukwanen nan, dangin ango na Samarinda su ga kajin da muka yanka."

Na juya. Galuh ta ɗauki kajin da kyau, ba ta rage ko cinya ɗaya ba.

Duk da haka mun saci safiyoyi, har muka tara kaset goma sha tara na Nini Aluh. Sai irin kaset ɗin marigayiya ya fara ɓacewa daga kasuwa, masu shago suna min dariya in na tambaya. Biki kuma ba ya jira. Ranar da na rasa sabo, na ɗauko ɗaya daga cikin goma sha taran, na zaɓi wanda na fi iya rabuwa da shi, na ɗauki biki a kansa. Haka suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Safiyar da ruwan sama ya kama Nini a tsakiyar kogi ta ajiye filafili ta fashe da dariya, yanzu wani ɗan sanda ne yake yanka kek a kanta. Inda take gaya wa mijinta cewa ta yafe masa komai ban da maganar keken ɗinki, yanzu jawabin wani kawun ango ne na minti arba'in. Nini ta rasu shekara biyar ke nan. Ni na ɗauki sadakar arba'in ɗinta, a kan kaset ɗinta.

Ina da aboki, Hairani, da muka yi makaranta tare. Yana can birnin Yogyakarta yana riƙe sandar ɗaukar murya ga wasu matasa masu yin ƙananan finafinai. Duk shekara sai ya kira.

"Dar, har yanzu kana can kana ɗaukar kaji? Taho mana, akwai tabarma a ɗakina. Muna neman mai ido."

"Bari a gama bikin nan."

"Wane daga ciki, ɗan banza? Garinku fa aure ba ya ƙarewa."

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Ranar Asabar da la'asar ana wankan amarya Norhasanah a kan dandamalin bayan gida, mata sun kewaye ta da ruwan furanni. Kaset ɗin da nake ɗauka ya cika. A jaka saura guda ɗaya, na ƙarshen Nini, wanda ta juyo a cikinsa ta dube ni ta ce in kashe abin nan in zo in sha shayi. Na sa shi. Galuh ta ce "ƙirrr," ta yi shirunta, ta ce "kaf." Yatsana yana kan jan maɓalli, Acil tana min ihu cewa za a zuba ruwa na bakwai ban fara ba. Na ja da baya don in samu kowa a ciki. Na ƙara ja. Na san katakon nan tun ina rarrafe, na san inda ya ƙare. Masu tambayata ko da gangan na yi, ina roƙonsu su bar ni da abin da nake ciki, ni ma ban gama tambayar kaina ba. Abin da na tabbatar shi ne ban danna maɓallin ba.

Aka tsamo mu daga kogi. Kafin in gama tofar da ruwa Acil ta fizge Galuh daga wuyana.

"Kawo nan! Shinkafa ce maganinta. Wayar mijina sau uku tana faɗawa kogi, ga ta nan tana damunmu har yau."

Ta tura ta can ƙasan wani buhu a rumfar girki, ta ɗaure bakin, ta ce kada in taɓa sai bayan kwana uku. Ba ta gaya wa kowa ba, ni kuma na tafi canza kaya. A garinmu maza ne suke dafa shinkafar biki, kuma ba sa tambayar mata abin da ke cikin buhu. Da sassafen Lahadi suka zazzage shi a babban kwando, suka tsoma a kogi suka wanke, wato nutsewa ta biyu ke nan, sannan suka juye a ƙaton kaskon da ruwa ke tafasa. Julak Jumberi da kansa yake juyawa. Ya ce ya ji muciya ta bugi wani abu, ya zaci kan kifi ne, har ya yi wa mai wanki faɗa. Da aka fito da ita madaurinta ya yi laushi, shinkafa ta cika mata ido. Amang mai gyara na bakin kasuwa ya duba ta ranar Litinin, ya sansana, ya ce shi gyara ya koya, ba tayar da matattu ba. Kaset ɗin ya narke a cikinta, ba a iya raba su ba. Baƙi kuwa sun yaba shinkafar ƙwarai.

Marigayiya ta bar batir biyu, ɗaya ya kumbura tun bara. Caja da aka ɗaure da roba. Da abin kafawa mai ƙafa uku wanda ƙafa ɗaya ba ta tsayawa sai an sa mata dutse. Ta bar ma'aurata sama da ɗari uku, wasu suna tare, wasu sun raba faifan bikin gida biyu. Ta bar ni, ɗan shekara talatin da shida, ban yi aure ba, ban yi fim ba, kuma ba wanda zai nuna fuskata a cikin faifai ko ɗaya, sai dai muryata tana cewa a ɗan matso.

Tunda sanarwa ce ta gaskiya, dole in faɗi abin kunya. Na yi kuka ranar Lahadi, kukan gaske, a bayan rumfa. Amma ranar Litinin da na fito daga wurin mai gyara hannuna babu komai, na ji kafaɗata ta yi sauƙin da ban ji ba tun ina saurayi. Na wuce ƙofa goma sha ɗaya ba wanda ya kira ni. Na kira Hairani, ya yi ihu har sai da na janye wayar daga kunne. Na yanki tikitin jirgin ruwan Surabaya na ranar Alhamis, daga can in ƙarasa wurinsa, na haɗa jaka na ɓoye a bayan ƙofa. Na yi niyyar gaya wa Mama in ta gama sallar la'asar ranar Talata.

Kafin ta sallame sai ga Julak Jumberi da dattawan unguwa shida, sun sa rigunan zuwa gaisuwa, Acil tana biye da su ido ya kumbura. Suka zauna. Julak ya yi gyaran murya, ya ajiye kwalin sabuwar kyamara a gabana.

"Idar, mun ci amanarka. Shekara goma sha biyu kana mana hidima, muka tashi muka dafa maka 'ya. Unguwa ta zauna, ba gidan da bai sa hannu ba."

"Julak, ai ba sai an..."

"Yi shiru, manya na magana. Mai shagon ya ce wannan ko kogi ka faɗa da ita ci gaba za ta yi da ɗauka. Ba ta cin kaset. Kuma ba ta cika, ka ji, ba ta cika!"

Acil ta share hawaye ta ce, "Har mai takaba ta ƙarshen gada ta sa hannu, ɗana. Cewa ta yi ba za a yi auren autarta ba kai ba."

Na dubi kwalin, ban taɓa shi ba. Mama tana tsaye a bakin ƙofa. Na ga ta dubi bayan ƙofar inda jakata take, ta daɗe tana dubawa, sannan ta dubi yayanta da dattawan da ke jira.

"Karɓi mana, Idar," in ji ta a hankali. "Kada ka bar manya da kunya."

Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Aka shafa addu'a. Julak yana sa takalmi ya waiwayo ya ce, af, ranar Alhamis ƙarfe goma akwai walimar kaciyar jikan Haji Barkat, ya riga ya gaya musu zan zo.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, a gindin bishiyar lemon bayan gidanmu, inda ƙasa ba ta cika ruwa ba. An sa ta a gwangwanin biskit tare da kaset ɗin da ke cikinta. Mama da Acil Masriah ne za su karɓi gaisuwa. Akwai shayi da kayan zaƙi, kuma iyalan mamaciya suna roƙon kada kowa ya kawo shinkafa.

Ana roƙon masu zuwa kada su jira mai makoki, wato mai wannan sanarwa, a rufe ta kawai. A lokacin yana gidan Haji Barkat da ke bayan tashar jiragen ruwa, yana ɗaukar tukwane. Na gaya wa Julak cewa daga can ana jin ƙahon jirgin Surabaya in zai tashi da sha biyu, zai shiga cikin ɗaukar daidai lokacin addu'a. Ya ce ba komai, in na koma gida in goge shi.