Rasuwar Tayar Gaba, Wadda Aka Juya Ciwonta Ciki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, gidan Baba Sitiyari na sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan hanya rasuwar Tayar Gaba, ta ɓangaren da ke bin gefen titi, wadda rai ya yi wa halinsa a safiyar Asabar ɗin da ta gabata, a ƙofar gida, mota na bisa jak. Ta rasu bayan jinyar da aka ɓoye. Wanda ya ɓoye jinyar shi ne ya jawo ciwon, kuma shi ne ya roƙi a faɗi haka a fili, don kada masu ta'aziyya su ɗora wa ramukan hanya laifin da ba nasu ba, ko da yake su ma ramukan ba salihai ba ne.

Ga waɗanda ba su san gidan ba, Baba Sitiyari tsohon direban manyan motoci ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa da rabin tsufansa a kan dogayen hanyoyi, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da shi ya ji, ko yana so ko ba ya so, cewa bai taɓa goga wa motar kowa ko da fenti ba. Da ya ajiye aiki sai ya koma zama wurin 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, wadda har shi kansa yake kira Nas. Motar da marigayiya ta yi wa hidima ta Nas ce, amma makullin yana kwana a aljihun Baba. Shi ke kai Nas asibiti, ya wuce da jikarsa makaranta, ya dawo ya wanke motar da ba ta yi datti ba. Wannan zirga-zirga ita ce abin da ke tashinsa da safe, ita ce kuma ke sa ya goge takalmi.

Marigayiya ta zo gidan tare da motar, kuma tun zuwanta ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Ita ke fara shiga kwatami kafin saura su san da shi. Ita ke taka kwalba da ƙusa da ɓawon rake ta haɗiye ta yi shiru. Ba ta da kwaɗayin iska. In aka ba ta sau ɗaya sai a manta da ita har wata ya juya. Karnukan layin sun mayar da ita abin da suka mayar da ita, ba ta taɓa kai ƙara ba. A kan kwalta mai kyau muryarta ba ta wuce shuuu, kamar mai lallashin jariri, in kuwa an sha kwana da ɗan ƙarfi sai ta ce ƙiii, ƙasa-ƙasa, tunatarwa ce kawai ba faɗa ba. Baba kan zagaya kowace safiya ya ɗan buge ta da ƙafa, ta amsa da dum, shi ke nan sun gaisa.

Kafin a zo kan ciwonta sai an faɗi wata magana. Tun bara Nas ta lura Baba na miƙa hannu ya kuskure kofi, yana kuma karkata kai in zai kalli mutum. Ta ce su je a duba idonsa. Ya ce idon da ya ratsa dare da hazo da tirela ba ya bukatar a haska masa tocila. Ba ta ja da shi ba, don ba a jan Baba a kan tuƙi. Ta dai ce masa, cikin ladabi, tana ɗaure igiyar takalminta: "Baba, ran da na ga ƙarzane a jikin motar nan, ka yi haƙuri, makulli zai dawo hannuna." Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce to ta shirya jira.

Ciwon ajali ya samu marigayiya ne da rana tsaka-tsakin hantsi, a kwanar ƙofar makaranta. Baba ya sauke jikarsa, ya ɗaga mata hannu, ya karya sitiyari kamar yadda ya saba. Akwai dakalin kankare a bakin titin, mai tsayi har ƙauri, an shafa masa fenti fari da baƙi don ko makaho ya ji labarinsa. Baba bai gan shi ba. Abin da ya ji kawai shi ne muryar marigayiya, wadda bai taɓa jin irinta daga bakinta ba: ƙurrr, gub. Ya fito yana waige-waige kamar wanda ya saci akuya. Jikin mota lafiya lau, ko ɗigon fenti bai tashi ba, domin ita ta tare dukan da kuiɓinta. Fatar gefenta ta saɓule, kuma kafin ya isa wurin mai faci wani ƙululu kamar ƙwan kaza ya taso a wurin.

Mai facin nan ya daɗe da sanin Baba, har yakan miƙe in ya hango shi. Ya shafa kumburin, ya ɗago ya dube shi, ya san babu abin da zai faɗa wanda Baba bai sha faɗa wa ƙananan direbobi ba. Ciwon tafin taya ana yi masa faci. Ciwon kuiɓi ba ya jin magani, saboda zaren ciki ne ya tsinke, abin da ya rage tsakanin iska da duniya sai fata. Maganinsa ɗaya ne, a sauke ta a sa sabuwa. Amma sabuwar taya baki gare ta. Tana sheƙi, tana da 'yan gashin roba a jiki, kuma Nas mace ce da aikinta ke nan lura da abin da ya canja tun jiya. Za ta tambaya, ƙarya kuwa ba ta zama a bakin Baba, sai ta fito ta gefe.

Nan ne ya tuna wata dabara ta tsofaffin direbobi, wadda shi da bakinsa ya sha tsine wa masu yin ta. Ya ce a zare tayar daga rim, ƙarfen da take kai, a juya ta, ciwon ya koma ciki, lafiyayyen gefen ya kalli jama'a.

"Haba Baba," in ji mai faci. "Kai fa?"

"Kwana biyu ne kawai, ɗana. Kafin in san yadda zan yi."

"To ni dai ban gani ba, ban kuma ji ba."

Mai facin ya juya ta yana tsaki a ciki, don ba a yi wa babba tsaki a waje. Haka aka mayar da marigayiya bakin aiki da ciwonta a ɓoye, aka wanke ta, har aka shafa mata mai.

Kwana biyun nan ya yi ta haihuwa. Marigayiya ba ta tona asirin kowa ba, illa dai muryarta ta canja. A ƙarƙashin shuuu ɗin da aka sani sai ga wani ɗan fat, fat, fat, wanda babu mai jin sa sai Baba, shi kuwa yana jin sa har a cikin haƙoransa. Ya daina kunna rediyo. Ya koma tafiya a hankali har masu keke na wuce shi suna waiwaye. Jikar tasa, wadda ba ta raga masa ko kaɗan, ta ce, "Kaka, in ka gaji ne ka sauka in tura ka." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Kowace safiya yakan shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashin mota wai yana duba mai, alhali hannu yake zurawa ta baya yana lalubar ƙululun, kamar mai taɓa goshin marar lafiya. Kullum sai ya ji ya ƙaru, ko kuwa tsoronsa ne ya ƙaru, bai iya bambancewa ba. Sannan ya tashi ya kakkaɓe riga, ya buɗe wa yarinyar ƙofa, ta shiga da jakarta da robar ruwanta. Abinci ya daina yi masa daɗi. Nas ta auna jininsa ta ce ya hau, ta tambaye shi ko akwai abin da ke damunsa, ya ce tsufa ne.

Ana nan sai Nas ta ce ranar Asabar za ta kai yarinyar gaida dangin ubanta a wani gari mai nisa, kuma ita za ta ja motar da kanta don Baba ya huta. Babbar hanya ke nan, ga gudu, ga zafin kwalta. Baba ya san abin da tayar gaba ke yi in ta fashe a irin wannan wuri. Ba labari aka ba shi ba. Ya sha tsayawa a gefen hanya yana taimakawa a ciro mutane. Ya ce a ransa ƙarya a kan sheƙin sabuwar taya ta fi sauƙi, zai sayi sabuwar ya shafe ta da taɓo, in an tambaya ya ce tsohuwar ce ta suɗe.

Ranar Juma'a ya je shagon tayoyi. Mai shagon ya tambaye shi lambar girmanta. Baba ya ce bari ya duba, ya durƙusa gaban marigayiya. Lambobin suna nan a jikinta, manya-manya, irin waɗanda a da yake karantawa daga tagar tirela. Ya goge su da babban yatsa. Ya matsa kusa, ya ja baya, ya karkata kai. Baƙi ne kawai a kan baƙi. Mai shagon, daga inda yake tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi a hannu, ya karanto masa su ba tare da ko sunkuyawa ba, ya juya zai ɗauko.

Baba bai tashi daga durƙuson ba. Duk kwanakin nan yana ta lissafin taya, yana ganin in an canja ta an gama. A nan ne abin da yake gudu ya cim masa. Dakali ne bai gani ba, da rana, a ƙofar makaranta, a daidai inda yara ke tsayawa su gyara jaka kafin su tsallaka. Dakali mai tsayin ƙauri. Akwai 'yan aji ɗaya da ba su fi shi tsayi da yawa ba, kuma su ba a shafa musu fenti. Sabuwar taya za ta zo da sabon zare, amma ba za ta zo masa da ido ba. Ya ce wa mai shagon ya bari tukuna, ya koma gida a hankali fiye da kullum.

Da safiyar Asabar, Nas na haɗa kaya, ta ji ƙarar sufana a waje. Baba ya ɗaga motar, ya kwance notuna, ya gangaro da marigayiya har bakin ƙofar falo, ya kwantar da ita ciwon na kallon sama. Nas ta durƙusa, ta danna kumburin da yatsu biyu yadda take yi wa marasa lafiya, ta ga saɓulewar, ta ga kuma wane gefe ne ya sha mai wane ne ya sha laka.

"Tun yaushe, Baba?"

Ya faɗa mata. Ya faɗa mata dakalin, da juyin, da lambobin da ya kasa karantawa.

"Kuma kullum a kanta kake kai min 'yata makaranta?"

Da ta yi masa ihu da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Ta miƙe ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa, aka ji famfo na zuba ya daɗe bai tsaya ba. Baba ya zauna a ƙasa kusa da tayar, ya danna bawul ɗin iskarta da ɗan tsinke. Kalmar ƙarshe da aka ji daga bakin marigayiya ita ce fsss, doguwa, ba gardama a cikinta. Da Nas ta fito, idonta ja, ta tarar da makulli a kan tebur. Ba ta nema ba, bai kuma jira ta nema ba. An fasa tafiyar.

Marigayiya ta bar 'yan uwa uku, dukansu suna bakin aiki, sai dai ta gaban da suke layi ɗaya an ce ita ma za a sallame ta don sabuwa ba ta tafiya daidai da tsohuwa, hukuncin da ta karɓa ba tare da ta yi laifin komai ba. Ta bar ƙanwarsu safaya, siririya, wadda ta yi rayuwarta tana jiran ko-ta-kwana a duhun but ɗin motar, aka fito da ita ba shiri tana ƙifta ido. Ta bar rim ɗinta da tabo a leɓe. Ta bar mai faci, wanda ya aiko da ta'aziyya tare da cewa shi ma bai yi barci mai daɗi ba. Ta kuma bar wani tsoho da ya ce a rubuta cewa ta ɗauki jikarsa a kan tsinkakken zare, safe da yamma, ta riƙe masa amanar da shi bai riƙe ba. Yana neman gafararta, yana neman ta 'yarsa, wadda ta ce ta yafe amma har yanzu ba ta dawo da yi masa barkwanci ba.

Za a tashi da gawar gobe da hantsi daga ƙofar gida zuwa rumfar mai faci. Bisa wasiyyar Baba, za a tsaga kuiɓinta da wuƙa a gaban shaidu, don kada wani ya tsince ta ya wanke ya sayar wa bawan Allah a matsayin ta hannu. Ba a bukatar kuka, ba a kuma bukatar masu cewa ai da ma sun lura. Daga can za a wuce asibitin ido, inda aka riga aka karɓar wa Baba kati.

Nas ce za ta ja motar. Ana roƙon jama'ar layi, in sun ga Baba Sitiyari a kujerar mai zaman banza, da gogaggen takalminsa yana taka birkin da babu shi, su ɗaga masa hannu kamar yadda suka saba, kada kowa ya tambaye shi komai.