Shirun da Malam Hozumi Ya Daɗe Yana Nema

Duk faɗin arewacin Japan ba a yi mai jawabin majigi kamar Malam Hozumi Ranzo ba. Wannan ba ƙage ba ne, daga bakinsa muka ji. A wancan zamani fim bebe ne, hoto kawai ke motsi a jikin farin ƙyalle, sai a tsayar da mutum a gefe, gaban ɗan tebur, ya riƙa yin maganar kowa: namiji, mace, har doki in ta kama. Sauran garuruwa masu surutu suka samu. Mu kuwa a garinmu na masunta, da yake muna da farin jini, masani aka jefo mana.

Sunan da uwarsa ta raɗa masa Sakichi, ubansa kuma mai awara ne a bayan kasuwar kifi, amma kada ka kuskura ka tuna masa. Tun ran da ya karanta wani tsohon littafin Rasha, mai labarin ɗalibin nan matalauci da ya yi kisa sannan zuciyarsa ta hana shi sakat, Sakichi ya ɓace, Hozumi Ranzo ya bayyana. Littafin kashi biyu ne. Na farko ya sha karatu har bangonsa ya yage. Na biyun kuwa Malam ya girmama shi da babban aiki, shi ke tokare da gajeriyar ƙafar teburin jawabi.

Ya ɗinko riga irin ta Rashawa mai maɓalli a gefen wuya. Ya tara suma. Ya koyi tari. Ga gida mai ɗakuna da ubansa ya bar masa, amma ya tattara ya koma ɗan akurkin ƙarƙashin rufi inda ake shanya albasa, saboda ɗalibin ma a irin wannan wuri ya sha wuya da zazzaɓi. Yunwa ce kaɗai ta gagare shi kwaikwayo. Matarsa Omine, baiwar Allah, ita ke hawa tsani da tire safe, rana da yamma. Yakan karɓa yana nishi kamar mai barin duniya, ya sharce kwanon tas, ya miƙo a ƙaro shinkafa. In ka gaishe shi a hanya ka ce yaya jiki, sai ya dafe goshi ya ce, "Zazzaɓin dai." Shi ya sa masunta suka sa masa Malam Zazzaɓi. Matan kasuwa su kuma Ɗan Rasha suke ce masa, wannan sunan ya fi so.

A gidan wankan unguwa yake buɗe makaranta, tsugune cikin ruwan zafi har wuya, da ɗan tawul a ka.

"Ku kallo kawai kuke yi, ba kwa gani," in ji shi. "Duk mutumin da ya taɓa fitowa a jikin ƙyallen nan jikan ɗalibin nan ne. Da bai yi zazzaɓi ba, da yanzu babu majigi a duniya. Me ya sa ake matso da fuskar mutum har ta cika ƙyalle? Don a ga laifi a ƙwayar ido. Wa ya fara zuba laifi a ƙwayar ido? To!"

Kowa ya ci gaba da cuɗa bayansa. Malam ya ɗauki wannan a matsayin an miƙa wuya.

A gidan majigin ma haka. In aka kawo fim ɗin Amurka, ga mutum bisa doki yana fafarar ɓarayin shanu, sai Malam ya karya murya ya ce, "Ba ɓarayi yake kora ba, jama'a. Kansa yake gudu." Wata rana wani ƙaton ɗan barkwanci ya faɗa cikin gangar fulawa ya fito fari fat, gida ya kaure da dariya, Malam ya buga tebur ya ce haka laifi ke kwashe jinin fuska. Wani masunci daga baya ya ɗaga murya.

"Malam, dokin jiya fa? Shi ma ɗan Rasha ne?"

"Dokin ya fi ka karatu," in ji Malam, ya ci gaba.

A yi masa adalci, akwai abin da ke cin ransa da gaske. Mutanen garinmu ba su iya kallo da rufaffen baki ba. Wannan na tauna busasshen kifi, wancan na ɓare gyaɗa, mace na lallashin jariri, kuma da zarar Malam ya shiga zancen azabar zuciya sai ka ga an fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Abu guda yake roƙo a rayuwarsa, ya yi magana gida ya yi tsit. Ko sau ɗaya ne.

Sai ga wani mutum daga babban birni, da kwat da jakar fata, ya zo wa mai gidan majigin da hoton sabon inji, wanda fim ke magana da bakinsa. Mai gidan, Uwargida Osaki, mace ce da ta gaji wurin daga mijinta, ba ta da dogon zance. Ta kira Malam.

"Ka ji dai abin da ake ciki. Inji ne, Malam. Ba ya tari, ba ya faɗa da masu kallo."

Malam ya dafe ƙirji. "Gwangwani zai faɗa wa mutane abin da ke cikin zuciyar ɗan Adam? Uwargida, tarihi zai tambaye ki."

"In ya zo na ba shi amsa. Shekara nawa kana damuna in nemo maka fim ɗin ɗan Rashan nan naka? Na samo aro, tsoho ne, guda ɗaya tak. Ga ka ga shi. In jama'a suka zauna har ƙarshe, teburinka na nan, in sallami mai jaka. In suka watse yadda suka saba, ka zare littafinka ka tafi gida."

Kai, ranar Malam bai taka ƙasa ba! Ga shi za a haɗa shi da ubangidansa ido da ido. Ya wuce kai tsaye ɗakin inji, wani ɗan keji na kwano a bayan gida, inda tsoho Genroku ke juya fim da hannu. Akwai igiya daga teburin jawabi zuwa wannan keji, da ƙararrawa a bakinta, in Malam ya ja sai Genroku ya rage gudun hannu. Su biyun tare suka yi wasan ƙasa, kuma tun lokacin ba sa ga maciji.

"Akwai inda fuskarsa ke cika ƙyalle," in ji Malam. "A nan zan yi jawabin da za a riƙa ba jikoki labari. In na ja, ka rage. In na sake ja, ka sake ragewa."

"Fitilar nan na da zafi, Sakichi."

"Malam."

"Fitilar nan na da zafi, Malam Sakichi."

"Kai dai juya hannu. Tunani ba sashenka ba ne."

Genroku ya dube shi, ya yi wani guntun murmushi mara kyau. "Shi ke nan. Kai ke da igiya."

Ranar ta zo da iska mai ƙarfi, jiragen kamun kifi ba su fita ba, saboda haka tun da rana gida ya cika maƙil. Kowa ya tuɓe takalmin katako a bakin ƙofa kamar kullum, aka jera su bisa kanta, aka shiga da safa aka zazzauna kan tabarmi. Ɗan sandan da ke sa ido a kan finafinai ya hau kujerarsa ta can baya. Malam ya shigo a rame, don ya yi azumi tun daga karin kumallo. Ya sunkuya, ya yi tari biyu, aka kashe fitilu.

Da farko ba abin da ya sauya. Ɗalibi na yawo a titunan Rasha cikin tsumma, gyaɗa na ƙara, wata tsohuwa na tambayar maƙwabciyarta ko yaron nan ba shi da dangi ne. Malam ya daure, ya san abin da ke tafe. Can sai ga fuskar ta cika ƙyalle, ido zuru-zuru. Malam ya rufe nasa idon, don haka yake yi in zai shiga babban jawabi, ya ja igiya.

"Ku dube shi! Wannan ba fuskar mutum ɗaya ba ce. Fuskar zamani ce. Fuskata ce!"

Ya ja igiya. Hoto ya fara jan ƙafa.

"Daga wannan ido aka haifi kowane fim. Ni kaɗai a tsibirin nan na san haka, ni kaɗai na ɗauki wannan kaya, ina cin baƙin ciki, ina kwana da zazzaɓi, ba wanda ya taɓa ce mini sannu!"

Ya ja, ya kuma ja. Genroku, mai biyayya, ya rage har hannunsa ya tsaya cik, fim ya maƙale a gaban fitilar nan mai zafi.

Wani ɗan baƙin ɗigo ya fito a kan hancin ɗalibin. Ya yi faɗi, ya cinye hancin, ya kama kumatu, idanun suka kumbura suka narke. Gyaɗa ta tsaya a hannu. Jariri ma ya yi shiru. Gida ya yi tsit, irin tsit ɗin da Malam bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ya ji shi har cikin ƙashi. Hawaye na gaske, ba na kwaikwayo ba, suka zubo masa ta ƙarƙashin rufaffun idanu, ya ce a ransa ashe dai zan ga wannan rana.

Hayaƙi ya turnuƙe daga kejin kwano. Wata mata ta ƙwalla ƙara, Malam ya ƙara jin daɗi, ya daɗe yana burin mace ta suma a jawabinsa. Ɗan sanda, da yake shi ya fi kusa da ƙofa, shi ya fara nuna wa jama'a hanya da ƙafarsa. Sauran suka bi. Safa a kan tabarma ba ta da ƙara, ga shi kuma Malam ya ɗaga murya har rufi na amsawa. A bakin ƙofa ne aka yi karo, kowa na wawurar takalmi, nasa da na wani, ana zura su a ƙafa ana gudu bisa dakali: ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas!

A kunnen Malam kuwa, tafi ake yi masa! Ya saki igiya, ya dafa ƙirji, ya sunkuya. Ya ɗago, ya sake sunkuyawa. "Ya isa, jama'a, ya isa. Ba ni za ku gode wa ba, shi za ku gode wa."

Da ya buɗe ido, sai hayaƙi, da tabarmi, da ɓawon gyaɗa. Wutar ba ta wuce kejin kwano ba, ta dai cinye fim ɗin aro da girar Genroku. Uwargida Osaki na tsaye gabansa, hannun rigarta a naɗe, da bokiti wayam.

"Ka gama, Malam?"

"Uwargida, kin ji tafin nan kuwa?"

"Na ji. Zare littafinka."

Ya durƙusa ya zaro kashi na biyu daga ƙarƙashin ƙafar tebur, sabo fil, ko shafi ɗaya ba a taɓa buɗewa ba. Tebur ya karkata ya kife, kofin shayinsa ya gangara cikin tabarmi.

Kafin ƙanƙara ta sauka an kafa injin mai magana. Har gobe in ka shiga gidan wanka za ka tarar da Malam cikin ruwan zafi yana shaida wa masu cuɗa baya cewa a tarihin majigi kaf, shi kaɗai ne maganarsa ta taɓa kunna wa ƙyalle wuta. Ba mu musa ba, a gabanmu aka yi. Kuma garin bai manta da shi ba. Bayan gobarar, hukuma ta ba da umarnin a ajiye bokitin ruwa a gefen ƙyalle, aka rasa wurin da ya fi dacewa sai daidai inda teburin ya tsaya. Matan kasuwa suka sa wa bokitin suna Ɗan Rasha. Kullum a cike yake fal, bai taɓa cewa uffan ba, kuma tun da ya karɓi aikin ba wanda ya sake tashi kafin a gama fim.