Ranar da Na Tara Layi a Bulabulin

A shekarata ta ƙarshe ina karatun kimiyyar siyasa, aka ce kowa ya jiyo ra'ayin jama'a kan zaɓe. Yayana Modu ya ce in tambayi ɗalibai kawai. Na ce masa siyasa a unguwa take.

Na sa farar riga, na ɗauki takardu da biro, na zauna a unguwar Bulabulin inda 'yan gudun hijira suka cika. Kafin in gama rubuta sunan mutum na farko, layi ya kai kwana. Na ɗauka wayewar kai ce.

Sai wata tsohuwa ta matso ta ce, "Ɗana, yaushe za a ba mu shinkafar?"

Na ce ni ra'ayi nake tambaya.

"To rubuta, yunwa muke ji."

Modu ne ya zo ya ba su haƙuri da Kanuri, ya janye ni yana kirana Shugaban Rabo. Bai ga sakamakona ba, a wani hari kan hanya muka rasa shi. Amma har yau in na shiga gida, mahaifiyarmu takan kwaikwayi muryarsa: "Shugaban Rabo, ina shinkafar?"